Matarmu, Ina Kika Kai Goshin Ummi?

Matarmu, wushe. Kin ga har da yarenku na Barebari na gaishe ki, don kada ki ce dangin miji ba su da ladabi. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ya wadatar, tunda ba a taɓa jin uwargijiya ta karya harshenta wajen koyon yaren baiwarta ba. Ina gajiya? Ya zafin Yerwa? Ya yayana, wanda kika turara da turaren wuta har ya manta hanyar Kano?

Saƙo ya iso. Ummi ta sauka lafiya ranar Asabar da la'asar, ita da ƙaninta da jakar kayansu, da kwalbar humrar da kika aiko don ki toshe mini baki. Humra na karɓa, na gode. Bakin kuwa ga shi nan a buɗe, a jarida ma, don duk wanda ya iya karatu ya zama shaida a tsakaninmu.

Da yarinyar nan ta shigo, na rungume ta, na ce ta cire hijabi ta sha iska. Ta kama shi da hannu biyu tana ɗagawa sannu a hankali, kamar mai sauke tukunya daga wuta. Sai na ga kan. Shuku ne ƙanana-ƙanana, na fara ƙirgawa, na kai sittin na gaji. An tattare shi a tsakiyar kai da roba uku, an zuba duwatsu a jela. Kyau kam ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin makitsiyar ba. Amma girar yarinya ta ɗage sama kamar ta wadda aka gaya wa kuɗin buhun shinkafa, fatar goshi tana ƙyalli, ga ƙananan ƙuraje farare sun yi sahu a bakin kowace tsaga. Na ce, "Ummi, juyo in gani." Maimakon ta juya wuya sai ta juyo mini gaba ɗayanta, kamar wadda aka ɗaure wa katako a baya. Na ce yaushe aka yi? Ta ce yau kwana huɗu. Na ce kina barci kuwa? Ta ce ruf da ciki take kwana. Na ce salla fa? Ta ce in ta kai goshi ƙasa sai ta ji kamar ana zare mata ƙeya. Sannan ta ƙara, don ta wanke uwarta, "Amma Mama ta ba ni farasitamol."

Farasitamol, matarmu! Kitson da sai an haɗa shi da magani ai ya tashi daga ado, ya koma tiyata.

Duk wannan da sauƙi. Da na duba gefe da gefe, saman kunne, inda bara da babbar salla na bar gashi kwance luf-luf, sai na tarar da fili. Fili sosai, irin wanda in a Kano ne da tuni dillalai sun kafa masa turaku sun yanka shi awon igiya. Goshin 'yar shekara shida ya fara ja da baya kamar na ɗan kasuwar da bashi ya yi wa yawa.

Ni na san daga inda abin ya taso. A 1808 kakannina Fulani suka shiga Birnin Ngazargamu, Mai, sarkinku, ya bar musu garin. Na san abin da za ki ce, kullum shi kike faɗa: Shehu Laminu ya zo ya fatattake mu. To, ya fatattake mu, mun ji, mun kwashe ƙwaryarmu da sandunanmu mun tafi. Amma a ce shekara ɗari biyu da ɗoriya ba ta isa zuciya ta huce ba, sai an rama a kan jikarmu? In faɗa kike nema ga ni, ki bar kan yarinya. Ko da yake ban yi mamaki ƙwarai ba. Mutanen da tun fil'azal suke kama kan 'yarsu su aske, su bar mata tsibiri uku, su raɗa masa suna kilayasku, wato kai uku, su kuma ce kwalliya ce, ai ba a ba su amanar goshi.

Na kira ki a waya daren nan, kin tuna abin da kika ce? "Gashin ne ba ya jin magana. Ku da kuke cika baki ku ne Fulani masu gashi har baya, ga 'yarku nan ta zo da na ƙarfe." Na yi shiru, kika yi dariya kika kashe. To, yau na zo da amsa, amma bari in fara da abin da ba na son faɗa. Laifi tudu ne. Fulatancin gidanmu, in ban da dogon hanci da son fura, babu abin da ya rage. Ni da nake kiran ki baiwa, in aka wuce "jam na" a Fillanci sai in fara murmushi ina gyaɗa kai. Gashin Ummi kuwa na Hajiyarmu ne sak, mai sunanta, Allah Ya jiƙanta: cikakke, baƙi wuluk, murɗaɗɗe, wanda in an tsefe shi yakan tashi ya tsaya kamar inuwar ɗorawa, in ruwa ya taɓa shi ya bushe ya koma rabin tsayinsa. Irinsa ne a kaina. Don haka na san shi ciki da bai, na kuma san abin da aka yi masa a kaina.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ke mana kitso muna yara. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake tura mu. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno a bakin ɗakinta, ta ware ƙafa, ta kama kanki ta cusa tsakanin cinyoyinta ta matse. Fuskarki na cikin zaninta, kina shaƙar hayaƙin itace da daddawa da tsohon man shanu, ba ki ganin komai sai zanen atamfa. Daga nan sai ki ji kibiya ta sauka tana tsaga. Mashacinta na katako ne, haƙora uku sun karye, kuma aiki biyu yake yi: ya shiga busasshen gashi ya fito da ƙara, ƙarararas, in kin motsa kuma a juya bayansa a ba ki ranƙwashi. Tana yi tana hira da maƙwabciya ta kan katanga, tana cin goro, in labari ya yi daɗi hannunta ya ƙara ƙarfi. In kin yi kuka ta ce haka ake zama mace. Muna fitowa ido ja wur, kai a sanƙare, iyayenmu mata su duba su ce, "Madalla, wannan zai kai wata."

Kin ji kalmar da ta cinye mana goshi: zai kai wata. Ni yau in na ɗaura ɗankwali sai na ja shi gaba har kusa da gira, ke kuma kullum kina cewa salon ɗauri ne na 'yan Kano. To, ba salo ba ne, rufin asiri ne. Na faɗa, ki je ki yi ta yayatawa a Gwange da Bulunkutu.

Shi ya sa ba makitsiyarki nake tuhuma ba. Ita sana'a take yi, abin da aka biya ta ta yi shi ta yi. Ku iyaye ku ne kuke tsayawa a kanta kuna cewa, "Ki ja shi sosai, ki kama na gaban nan duka, kada ya yi saurin tsufa." Kuna auna kyawun kitso da yawan makonnin da zai yi kafin a sake fitar da kuɗi. Ita kuma ta san in ta sassauta hannu ya tashi a kwana goma, za a ce ba ta iya ba a koma wajen wata. Sai ta bi 'yan siraran gashin bakin goshi, waɗanda ko sauro ya taka sai sun lanƙwashe, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta murɗe cikin kitso. Sannan a rataya musu duwatsu, su yi ta lilo suna ja dare da rana.

Ranar Litinin na kai Ummi wajen wata likitar fata, don in sami abin da zan kafa miki hujja da shi. Ta duba, ta girgiza kai, ta tambaye ni ko ni ce uwar. Na ce Allah Ya kiyaye, uwar Babarbariya ce. Ta yi dariya har ta ajiye biro, ashe ita ma tamu ce, 'yar Adamawa. Ta ce mun zo da wuri. Saiwar gashi in ana ja tana kumbura, ƙurajen nan alamarta ke nan, gashin ya zube, amma in an sakar mata mara takan farfaɗo cikin 'yan watanni. In kuwa aka yi shekaru ana ja, sai wurin ya yi tabo ya rufe, daga nan ko man me za a shafa an yi sallama. Ta ce ba a nan kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu likitoci sun bi makarantu a wata unguwa ta birnin Cape Town suna duba kawunan yara, suka fitar da sakamako a 2007: kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta goshinsu ya fara cinyewa saboda ja, a manyan matan da suka duba daban kuwa abin ya doshi kashi 32. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda aka shafa wa man miƙar da gashi sannan aka ɗora kitso a kai.

Tana faɗar haka ta ɗaga jelar kitso ɗaya ta kalle ni. Ni ma na kalla. Daga saiwa zuwa kamar gaɓar yatsa biyu gashin Hajiya ne, murɗaɗɗe, mai rai. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa wani abu ne siriri, ja-ja, miƙaƙƙe kamar gemun masara.

Matarmu, rilaksa kika sa wa Ummi? Kika yi shiru ba ki gaya wa kowa ba? Wannan shi ne kitso da kwarkwata na gaskiya. Na san kwalin, na sha ganinsa a kanti, da hoton yarinya tana murmushi, an rubuta na yara ne, ba ya ƙuna. Abin da ke cikin irin waɗannan mayuka ɗan'uwan sodar nan ce da mata ke dafa sabulu da ita, wadda in ta zuba a hannu take saɓule fata. Na yaran an canja masa sinadari ne, amma aikin ɗaya ne: ya shiga cikin silin gashi ya karya abin da ke riƙe da murɗin, don ya kwanta. Gashin da aka karya wa ƙashin baya dole ya kwanta mana. Kuma ba ya sake tashi. Sabo ya tsiro daga ƙasa da ƙarfinsa, tsohon yana sama a mace, daidai inda suka haɗu nan yake tsinkewa. Sai uwa ta ga ya fara kakkaryewa ta ce ai lokacin ƙarawa ne ya yi. Garin neman gira a rasa ido.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, ba ƙurajen ba ne, ba kuma filin ba. Daren da muka fara tsifa, tana zaune a gabana ta ba ni baya, sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, ki yi haƙuri, gashina mugu ne." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce kowa. Mai kitso ta ce ita ba ta taɓa ganin kai mai wahala irin nata ba, a makaranta ana ce mata soson ƙarfe, Mama kuma in za ta taje mata sai ta ce, "Zo nan, ke da wannan jarababben gashin naki." Yarinya tana ba da haƙuri a kan abin da Allah Ya dasa mata. Na ce mata gashin nan na kakarta ne, kuma a zamaninta in ta yi doka ta fito biki, mata har leƙowa suke ta kan katanga. Ta ce da gaske? Na ce da gaske, uwarki ce dai ba ta san darajarsa ba, don a garinsu ba a saba ganin dukiya a ka ba sai a kwalbar turare.

Ki saurara in koya miki, kyauta, tunda haƙƙin uwargijiya ne ta ilimantar da na ƙasa da ita. Gashi irin wannan ba taurin kai gare shi ba, ƙishirwa ce ke damunsa. Fatar kai tana fitar da maiƙonta, a miƙaƙƙen gashi maiƙon yakan gangara har ƙarshe ba tare da wani shamaki ba. A murɗaɗɗe kuwa hanyar duk kwana ce, kamar lungunan cikin birni, kafin ya kai rabi ya ƙare. Shi ya sa bakinsa kullum a bushe. Kuma duk inda sili ya lanƙwasa, nan ne rauninsa. Wato gashin da kike gani kamar waya ya fi kowane saurin karyewa. Ki haɗa wannan da iskar hunturu da ke tsotse ruwa ko a leɓe, ki kawo mashaci mai ƙananan haƙora ki soka tun daga saiwa ki finciko. Ƙarar nan da kike ji, wadda kike cewa taurin gashi ne, karyewarsa ce.

Kwana biyu muka yi muna tsefe shukun nan. Ban yi gaggawa ba, tunda ba ni da tuwon burabuskon da zan je in tuƙa wa miji. In mun yi goma sai mu tashi ta je ta yi wasa. Kowane kitso sai na shafa masa ruwa da ɗan mai kafin in sa kibiya, daga jela nake farawa in hauro. A gindin kowanne akwai ɗan ƙulli na datti da mataccen gashi, shi nake warwarewa da yatsa kafin ruwa ya taɓa kan, don in aka wanke da shi a ciki sai ya dunƙule ya zama dabbar da sai almakashi. Kan mutum yakan zubar da sili hamsin zuwa ɗari a yini, in yana cikin kitso ba su da hanyar fita, sai su taru. Don haka ganin dunƙulen gashi ranar tsifa ba abin tsoro ba ne. Na Ummi dai ya wuce misali, kuma yawancinsa gutsattsari ne. Na tattara na haƙa rami na binne kamar yadda Hajiya ke yi. Ita tsuntsu take tsoro kada ya kai sheƙa. Ni kuwa na tuna yawan malaman da ke garinku.

Sai wanki. A nan ne nake son ki buɗe kunne, don kunyar taku ce. Da me kike tsammani na wanke shi? Da karkashi. E, karkashin nan dai da kuka mayar abin miya, kuke zuba masa kanwa da busasshen kifin Baga kuna lashe yatsu. Na jiƙa busasshen ganyen a ruwan zafi na bar shi ya huce, ya saki yauƙinsa, na tace. Na raba kan gida shida na ɗaure kowanne. In na kwance ɗaya sai in kwarara masa yauƙin nan har ya jiƙe sharkaf, in bi shi da yatsu daga baki zuwa saiwa. Wallahi yatsu wucewa suke kamar a cikin miyar kuɓewa. Sai da yatsa ya gama aikinsa sannan mashaci ya shiga, shi ma mai manyan haƙora, shi ma daga baki. Yarinyar da kika ce sai mutum biyu sun danne ta, tana zaune tana ba ni labarin wata ƙawarta mai satar alewa, har ta yi gyangyaɗi. Wannan ganyen shi ne matan Chadi, maƙwabtanku na ƙut da ƙut, suke kira ambunu, yanzu ana ƙulla shi a leda mai hoto ana sayar wa matan Amurka da Ingila ta intanet da dala. Ku kuwa maganin yana cikin tukunyarku kun cinye shi da tuwo, kun tafi kanti kun sayo soda.

Na san za ki ce ai kina shafa mata shebe da man karkar, har daga Kasuwar Monday kike sayowa. Na gani, na kuma shaƙa, ƙamshin kanumfari ya riga ta shigowa. Ba na musun shebe. Matan Chadi da suka shahara da shi sukan cuɗa garin da mai su shafe jikin gashin, su kitse manya-manya su ƙyale shi, sai ya daina karyewa ya tara tsawo. Amfaninsa ke nan. Ba ya sa gashi ya tsiro da sauri. Gashi abin da yake yi a wata kusan santimita ɗaya ne kawai, ko kin shafa masa zinariya. Kuma ba a fatar kai ake dambara shi ba. Ke kuwa kin cusa shi har saiwa, a kan ƙuraje, kan da aka riga aka ƙona aka kuma ɗaure tamau. Gyaran gangar Auzinawa.

Don kada ki ce na ɓoye namu: man shanu. Na san shekara goma sha ɗaya kina jiran in ambace shi. E, in ya kwana uku a ka cikin zafin bazara, ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya matso. Na yarda. Ranar da aka kawo ki gidanmu kika toshe hanci da gefen lafaya, kina tsammani ba mu gani ba. Shi ya sa ban sa wa Ummi ba. Man kaɗe na narkar da ɗan man kwakwa, na shafa tun kan yana da danshi. Wannan ma abin lura ne, don mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi, mai rufe ƙofa kawai yake kada ruwan ya gudu. Masu lafta basilin a busasshen kai ƙura kawai suke tara wa yaro.

Na yi mata kalaba takwas, manya, sakwa-sakwa yadda ɗan yatsana zai iya shiga ƙarƙashin kowacce. Na bakin goshi ban taɓa su ba, na bar su su yi ta tashi yadda suka ga dama. Ba roba, ba dutse. Da na gama na ce ta ɗaga gira, ta ɗaga. Ta sunkuya, ta sunkuya. Ta juya wuya hagu da dama, ta juya tana dariya. Da dare na ɗaura mata ɗankwali mai santsi, saboda matashin auduga yana shanye man yana kuma goge gashin. Da safe in ɗan yayyafa ruwa in shafa mai a baki. Kwana goma zuwa mako biyu mu kwance mu wanke mu sake. Ba zai kai wata ba, kuma in kika gan shi za ki ce kitson 'yan ƙauye ne. Gemun masarar nan kuma ina rage shi da almakashi kaɗan-kaɗan, kada ki zo ki ce na yi wa 'yarki saisaye ba da izini ba. Izinin yana wajena, 'yar wana ce.

Makarantarsu ma ina da magana da ita, in Allah Ya kai ni. Ummi ta ce duk Juma'a ake sanar da kitson mako a taron safe, wannan makon shuku, na gaba zane, wadda ta zo da wani daban a yi mata bulala. Shukun da ko sunansa daga Yarbawa muka aro, shi ne ya zama farilla. Ban ƙi tsafta ba, ban ƙi a ga yara sun yi bai ɗaya ba. Amma yarinyar da goshinta ke ciwo, sai a bari uwarta ta rubuto takarda a ɗaga mata ƙafa. Ki rubuta. In Hausar ce ke ba ki wahala, kina ce wa namiji "ke" mace "kai", ki aiko in rubuta miki.

Shi ma ɗan autan bai tsira ba, amma nasa ba zan ɗora miki duka ba. Akwai wani farin tabo zagayayye a bayan kansa, gashin wurin ya gutsuttsure, kika ce amosani ne kina shafa masa man zafi. Makero ne. A injin aski da mashaci da hular aro yara ke ɗaukarsa, kuma likita ta ce na shafawa kaɗai ba ya kashe shi, don yana cikin saiwa, sai an sha magani na makonni. Mun fara. Na saya masa injinsa shi kaɗai, ki riƙa ba shi ya tafi da shi wajen mai aski. Kuɗin na rubuta a bashin yayana.

Jiya Ummi ta tsaya gaban madubi bayan mun kwance kalabar farko, kan ya tashi ya yi fam kamar lema. Ta daɗe tana kallo, tana dannawa yana dawowa. Sai ta ce in ɗauke ta hoto in tura wa Mama. Na tura, na ga alamar kin buɗe, yau kwana ɗaya ba ki ce uffan ba. Na san kina can kina haɗa amsa, kina kiran 'yan'uwanki kuna shawara da yarenku. Ku haɗa da kyau. Shafin nan a buɗe yake, edita ya ce zai ba ki fili mako mai zuwa in kin samu mai gyara miki rubutu.

Yara kuwa hutu ya ƙare ranar Lahadi, amma ƙanin kawai zan sa a mota. Ummi tana nan sai na ga baƙi-baƙi ya fara fitowa saman kunnen nan. In kina son 'yarki ki zo da kanki, ki taho da turaren wuta kwalba biyu na tara, da karkashi mudu ɗaya, wanda ba a ci ba. Kuma ki zo da kanki a tsefe. Na lura da yadda kike jan lafaya gaba-gaba a hoton bikin nan na watan jiya.